Shawara: Kafin ka ci bashi saboda sabuwar amfilifaya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na gaji tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga mahaifina, mai ba da wat 30 a kowane ɓangare, tare da lasifikoki biyu masu om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) da suka kai shekara 25. Duka biyun suna kan kanta ɗaya a falo, kusa da juna, ɗaya tana cikin kusurwa. Falon yana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da rabi, ƙasansa tayil ne. Ina saurare daga salula ta Bluetooth, akwai kuma faya-fayen CD da na garmaho kaɗan da marigayi ya bari. Sautin ba ya yi mini daɗi: kaurinsa ya cika ɗaki, muryar mawaƙi kuma kamar daga cikin rijiya. Wani abokina ya ce sai na sayi amfilifaya mai wat 200 da wayoyin lasifika masu tsada. Abin da na tara cikin wata takwas rabin kuɗin ne kawai, ina tunanin cin bashi in cika. Uwargida ba ta yarda ba, har maganar ta fara kawo mana saɓani. Mene ne abin yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinka. A maganar bashi ina bayan uwargidanka, kuma dalilina bai tsaya ga tattalin kuɗi ba: ko da wani zai ba ka amfilifayar nan mai wat 200 kyauta, ka kawo ta falon nan ka haɗa ta da lasifikokin da ke zaune inda ka ce suna zaune, abin da kake kuka da shi zai ci gaba, sai dai ya ƙara ƙarfi. Abokinka ya bar jaki yana dukan taiki. Bayanin da ka yi na sautin, wato kauri mai cika ɗaki da murya mai dusashewa, alama ce ta wurin da aka ajiye lasifika da kuma yanayin ɗakin, kuma waɗannan biyun gyaransu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tara ba.

Bari in fara da lissafin wat, domin shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarin wat yadda aljihu ke jin sa. Idan ka ninka wat sau biyu, daga 30 zuwa 60, abin da za ka samu desibel 3 ne kawai, ƙari ne da za ka lura da shi amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka ƙarfi sau biyu ana bukatar ƙarin kimanin desibel 10, wato wat sau goma, ma'ana kai mai wat 30 sai ka kai 300. A ɗaya ɓangaren kuma, lasifikar gida ta yau da kullum tana fitar da desibel 85 zuwa 90 daga wat ɗaya rak idan aka auna a nisan mita ɗaya, kuma desibel 85 shi ne matakin da masana lafiyar kunne ke gargaɗin kada a wuce awa takwas a cikinsa. Saboda haka yawancin sauraron da kake yi da yamma bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, sauran suna ajiye ne don lokacin da ganga ko wani kiɗa mai ƙarfi ya buga ba zato. Amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda har yau ake ambatonta idan ana maganar kaya masu kyau da sauƙin kuɗi, wat 20 kawai aka rubuta mata a kowane ɓangare, kuma ta cika ɗakuna da yawa da suka fi naka girma. Ka kuma yi hattara da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali tare da haruffan PMPO, domin ba su da wata ma'ana tsayayya. Lambar da ake dogaro da ita ita ce ta ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ci gaba, wadda ake yawan rubuta RMS kusa da ita, tare da faɗin ko a om 8 ne ko a om 4.

Yanzu mu koma falonka, inda ainihin matsalar take. Sauti yana tafiya a iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai wani amo mai kauri da ke kai da komo har ya taru ya fi sauran ƙarfi. Ana gano shi ta hanyar raba 343 da ninkin tazarar bangon. Tsawon mita 4 yana ba da haz 43, wato kaɗawar sauti sau 43 a daƙiƙa, faɗin mita 3 da rabi yana ba da haz 49, sannan ninkinsu, wato wajen 86 da 98, su ma suna nan. Kusurwar ɗaki ita ce wurin da duk waɗannan suke haɗuwa, don haka lasifikar da ka sa a kusurwa tana tayar da su gaba ɗaya, kamar mai kaɗa ganga a cikin randa. Ga kuma kantar da suke kai, wadda ke rawa tare da su tana ƙara nata gunjin, ga tayil da bangon da babu komai a jikinsu suna mayar da siririn sauti zuwa kunnenka jim kaɗan bayan na asali ya iso. Muryar mawaƙi tana tsakiya ne, tsakanin kauri da siriri, shi ya sa ta zama abin da aka danne.

Abin da nake so ka yi a ƙarshen makon nan ba ya cin ko sisi. Ka sauke lasifikokin daga kanta, ka ɗora kowace a kan wani abu mai nauyi da ba ya girgiza, ta yadda ƙaramar lasifikar sama, mai fitar da siririn sauti, za ta zo daidai da tsayin kunnenka idan kana zaune. Ka raba su da tazarar kimanin mita 2, ka janye su daga bangon baya da aƙalla rabin mita idan wuri ya bari, kada kuma ko ɗaya ta zauna a kusurwa. Kujerarka ta kasance a tsakiya, nisanta daga kowace lasifika daidai da nisan da ke tsakaninsu, wato alwatika mai gefe uku daidai, sannan ka ɗan karkato fuskokinsu zuwa gare ka. Ka yi amfani da tef ɗin awo, kada ka dogara da ido, saboda bambancin ɗan taƙi kaɗan yana janye murya zuwa gefe ɗaya. Kada kujerar ta manne da bangon baya, inda kauri ke taruwa, kada kuma ta zauna a tsakiyar tsawon ɗakin cif, inda wani kaurin ke ɓacewa gaba ɗaya. Tun 1931, lokacin da injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar fasahar sitiriyo, manufar ita ce lasifika biyu su sa ka ji kamar mawaƙi yana tsaye a fili tsakaninsu, inda babu wata lasifika. Muddin suna manne da juna a kan kanta, ba ka taɓa jin abin da mahaifinka ya saya ba.

Yayin da kake wannan aikin, ka leƙa bayan na'urorin ka tabbata a haɗin wayoyin lasifika ja ya tafi ga ja, baƙi ya tafi ga baƙi, a ɓangarorin biyu. Idan aka juya na lasifika ɗaya, ita tana turawa ɗayar tana ja, sai murya ta watse ta rasa mazauni. Kuskure ne ƙarami da na sha tararwa a gidajen mutanen da suka riga suka yanke hukuncin cewa kayansu sun mutu.

Bayan haka sai tufatar da ɗakin, kuma a nan ne nake ganin saɓaninku da uwargida zai iya zama haɗin kai. Kafet mai kauri a ƙasa tsakaninka da lasifikokin, labule mai nauyi a taga, kantar littattafai a jikin bango, kujeru masu laushi, duk suna shanye amsa-kuwwa ko su warwatsa ta. Don sanin inda ya fi bukata, ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa zame madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke fara karo ya dawo gare ka, nan ya kamata a sa wani abu mai laushi. Ka tafa hannu sau ɗaya kafin da bayan aikin, za ka ji bambancin da kunnenka. Gaskiya ɗaya ita ce kafet da labule ba sa maganin kauri mai zurfi irin na haz 43, domin tsawon zangonsa ya kai kusan mita 8, ya fi ƙarfin kowane ƙyalle. Maganin wannan shi ne matsar da lasifika da kujera taƙi-taƙi har ka samu inda ya lafa. Idan lasifikokinka suna da rami a baya ko a gaba, kana iya toshe shi da soso ka ji ko gunjin ya ragu. Falo na kowa ne a gidan, saboda haka ka nemi ra'ayinta a kan wurin da za su tsaya da launin kafet ɗin, kuma ka nuna mata cewa kuɗin farko da za a taɓa zai tafi ne ga abin da zai ƙawata ɗakinta.

Sai kuma lafiyar kayan, tunda sun manyanta. Ka cire murfin gaban kowace lasifika ka duba zoben da ke kewaye da babbar lasifikar ƙasa. A wasu samfura na roba ne, yana daɗewa; a wasu na soso ne, kuma soso yana ruɓewa bayan shekara 15 zuwa 20, ya tsage ko ya riƙa marmashewa idan an taɓa. Idan naka ya kai haka, ka daina kunna ta da ƙarfi, ka kai wa mai gyara ya sa sabon zobe, aiki ne mai sauƙin kuɗi da ke mayar da lasifika kusan yadda take tun farko. Ka rage sauti ka kusantar da kunnenka ga kowace ƙaramar lasifikar sama, domin idan ɗaya ta ƙone, ita kaɗai ta isa ta jefa murya cikin rijiyar da ka ambata. Game da amfilifayar, idan maɓallin ƙara sauti yana ƙarƙar idan ana murɗa shi, ko ɓangare ɗaya yana ɗaukewa, yawanci datti ne da feshin wanke mahaɗan lantarki ke kawarwa. Idan kuwa tana gunji ko da babu abin da ke kunne, mai yiwuwa kafasitocinta, wato sassan cikinta masu adana wuta, sun bushe saboda tsufa, kuma ana canza su. Kada ka buɗe ta da kanka, domin manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket. Amfilifayoyin da kamfanoni irin su Pioneer, Sansui, Marantz da Yamaha suka ƙera a shekarun 1970 da 1980 har yau mutane na nemansu suna gyarawa, don haka kada ka raina abin da ke hannunka tun kafin ƙwararre ya duba shi.

Maganar Bluetooth gajera ce. Yana matse sauti kafin ya aika, musamman tsarinsa na asali da ake kira SBC, kuma ƙaramar na'urar karɓa mai arha tana iya ƙara nata shuu. Ga gwaji mai sauƙi: ka samu abin kunna CD, ko da tsohuwar na'urar DVD ce, ka haɗa ta da waya kai tsaye, ka sa faifan marigayi. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya isa ya rufe duk iyakar jin ɗan Adam, daga haz 20 zuwa 20,000. Ba ka bukatar abin da ya fi haka, komai sunan da aka laƙaba masa a talla. Idan CD ya fi salula daɗi a fili, to ƙaramar na'urar DAC, mai juya lambobin kwamfuta zuwa sauti, wadda ake sa wa salula ta USB, ta wadatar, tare da fayilolin da matsinsu ba ya zubar da komai na sauti irin FLAC, ko MP3 mai kilobit 320 a daƙiƙa a maimakon mai 128.

Wayoyin lasifika masu tsada kuwa, a nan ina da nawa abin kunyar. Shekarun baya na taɓa zuba kuɗi a kan wasu masu kauri kamar igiyar guga, na dawo gida na rantse cewa sauti ya buɗe. Ƙanena ya ce in rufe ido, ya riƙa sauya su da tsofaffin ba tare da ya faɗa mini wanne ya sa ba, kuma cikin gwaji goma ban fi mai canke ba. Lissafin ma bai goyi bayana ba: wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5, idan tsawonta mita 3 ne, turjiyarta zuwa da dawowa ba ta wuce om 0.07 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na om 8 ɗin lasifikarka. Ka sayi ta jan ƙarfe zalla, mai 1.5 ko 2.5, ka guji ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ka ɗaure bakinta da kyau kada silin wannan ya taɓa na wancan. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage gani yana yaudarar ji ne. Floyd Toole da Sean Olive sun nuna hakan a kamfanin Harman a 1994, lokacin da suka sa mutane, har da ƙwararru, su ba lasifikoki maki ta hanya biyu: suna ganinsu, da kuma a bayan labule. Makin ya sauya, kuma manya masu ƙyalli sun fi samun tagomashi lokacin da ake kallonsu. Akwai wata yaudarar kuma da ya kamata ka sani kafin ka shiga kowane kanti: tsakanin na'urori biyu, wadda ta ɗan fi ƙarfin sauti, ko da da desibel ɗaya ne, ita kunne ke cewa ta fi kyau. Duk lokacin da za ka kwatanta, sai an daidaita ƙarfinsu.

To, a ce ka yi duk wannan, ka zauna da shi wata guda, har yanzu ranka bai kwanta ba. A nan ne za a taɓa babban kason ajiyarka, kuma shawarata ita ce ya tafi ga lasifika. Ita ce ke juya lantarki ya zama motsin iska, kuma a nan ne aka fi samun karkacewa. Bambancin da ke tsakanin lasifika biyu ya ninka wanda ke tsakanin amfilifaya biyu masu lafiya sau da yawa. Ga falo irin naka, ƙanana masu zama a kan ƙafa, masu babbar lasifika ta inci 5 ko 6 da rabi, sun fi dogaye na ƙasa dacewa, saboda dogayen za su sake tayar da kaurin da ka sha wahalar kwantarwa. Kamfanoni irin su Wharfedale, Q Acoustics, ELAC da KEF duk suna da samfura na masu ƙaramin ƙarfi, kuma na hannu da aka riƙe da kyau yana sauko da farashi sosai. Ka duba lambobi biyu a takardarsu: om, wanda ya kamata ya zama 8 ko 6 domin tsohuwar amfilifaya tana iya yin zafi da mai om 4, da kuma yawan desibel da take bayarwa daga wat ɗaya, inda mai 90 ke bukatar rubu'in wutar da mai 84 ke bukata don kai wa ƙarfi ɗaya. Ka je da waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani kamar yunwar cikinka, ɗaya daga ciki murya ce kawai ko magana, domin kunne ya fi sanin muryar mutum fiye da kowane kayan kiɗa. Idan mai sayarwa ya yarda ka gwada a gida ka mayar in ba ta yi ba, wannan ya fi ragin farashi daraja.

Amfilifaya ba ta shigowa lissafi sai in tsohuwar ta gagari mai gyara, ko kuma ka ji sauti yana tsagewa yana yin kaushi a matakin da ka saba saurare. Wannan kaushin alama ce ta cewa ta kai maƙura tana yanke kan sauti, kuma shi ne ke ƙona ƙananan lasifikokin sama, don haka da ka ji shi ka rage. In ta kama dole, akwai ƙananan amfilifayoyi na zamani da ake kira ajin D, waɗanda ba sa zafi sosai saboda suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha zuwa lasifika, kuma da yawansu ba su kai rabin abin da ka tara ba. Wufa, wato akwatin kauri na daban, ka bar ta zuwa ƙarshe. Idan ka samu, a daidaita ta ta karɓi abin da ke ƙasa da haz 80, a kuma rage ta har sai an daina jin daga inda take fitowa. Kowane sauyi ka yi shi shi kaɗai, ka ba shi mako biyu, domin wanda ya canza abu uku rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Faya-fayen garmahon marigayi kuwa kada ka yi gaggawar ɗora musu kowace allura. Tsohuwar allura da ta cinye tana kankare layin faifai, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne ƙwarai, 'yan milibolt kaɗan, kuma tun wajen yanka faifan an rage kaurinsa an ƙara siririnsa bisa ma'aunin RIAA na 1954, don haka yana bukatar mashiga ta musamman da za ta mayar da shi daidai. Ka duba bayan amfilifayar mahaifinka: idan ka ga wurin da aka rubuta PHONO da ɗan kusa na ɗaure wayar ƙasa a gefensa, to tana da wannan mashigar, abin da sababbin amfilifayoyi masu arha da yawa ba su da shi, kuma da ka bi shawarar abokinka da sai ka sake sayensa daban. Idan ka gama matsar da lasifikokin, ka duba zobensu, ka kuma gwada CD, ka rubuto mini da sunan samfurin amfilifayar da na lasifikokin da abin da kunnenka ya ji, sai mu duba ko akwai abin da ya cancanci a saya.